Saƙon Muryata da Sunan Iya Mai Daddawa

Ƙarfe biyar saura kwata na yammar wata Asabar abin ya fara lalacewa, ko da yake a lokacin gani nake nasara na yi. Ina aji biyu a jami'a a Dutsin-Ma, ina karanta tarihi. Ni mutum ce mai shiru tun ina ƙarama. A aji kujerar da ke jikin bango nake zama, in malami ya yi tambaya sau da yawa na san amsa, amma sai in bari wani ya faɗa ba daidai ba, in gyara masa a zuciyata. Ba na son kuskure, ko nawa ko na wani. In na karanta littafi na ga an ce mutum ya tafi da safe, can gaba kuma aka ce da yamma ya tafi, abin yakan tsaya min a rai har in gama littafin. Na rubuto wa wannan mujalla ne domin na ga matasa da yawa sun shiga irin wasan da muka yi, kuma abin da ya same ni ba shi da wuyar samun wani. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ce ta ja ni cikin wasan. Mu kaɗan ne, mukan haɗu ranar Asabar bayan La'asar a wani aji da ba kowa, mu haɗa tebura. Wasan na baka ne, kamar tatsuniya, sai dai kowa yana da hannu a ciki. Mutum ɗaya ke jan labari, shi ne mai faɗin inda ake da abin da ke faruwa, sauran kuma kowa ya riƙe jaruminsa, wani maharbi, wani maƙeri, wata mai magani. In jaruminka zai yi wani abu mai haɗari, sai ka jefa dayis irin na ludo, abin da ya fito shi zai nuna ka ci ko ka faɗi. Ba kuɗi a ciki, wannan tun farko wani ustazu da ke cikinmu ya kafa sharaɗi. Duniyar wasan mu muka ƙirƙire ta, muka sa mata suna Bayan Kogi. Da aka ga yadda nake tuna kowace doka da aka taɓa yankewa, sai aka bar min jan labarin, aka kuma laƙaba min Alƙaliya. A wurin nan kaɗai nake magana mutane su yi tsit, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi min daɗi ƙwarai.

Akwai wani ɗan Kurfi a cikinmu, mai surutu da ban dariya, wanda kullum jaruminsa mai takobi ne, don haka da Mai Takobi muke kiransa. Ranar Asabar ɗin nan na fito musu da sabon mugu a labarin, wani sarkin matsafa mai baƙar alkyabba da ke zaune a hasumiya. Ban gama bayani ba ya kwashe da dariya, ya ce haba Alƙaliya, wannan ai daga wasannin Turawa na kwaso shi, hula kawai na sauya masa, ina aka taɓa ganin hasumiya tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma in ban da ta masu waya. Ya ce shi dodon da zai ba shi tsoro sai wanda zai iya haɗuwa da shi a hanyar gona, su gaisa har ya tambaye shi iyali. Kowa ya yi dariya, har da ƙawata. Na ji kunya ta rufe ni, na duba agogon wayata don kawai in sami inda zan sa idona, shi ya sa lokacin bai taɓa ɓace min ba. Sai na ɗago na ce su manta da mai alkyabba, yaron gida ne kawai, ainihin muguwar tsohuwa ce, mayya, ana kiranta Mai Tukunya. A take na fara siffanta ta, kuma ban ƙirƙiri komai ba. Tsohuwar da na fi sani a duniya na ɗauko.

Mu mutanen wani ɗan ƙauye ne a yankin Tamawa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na wata dattijuwa da kowa ke kira Iya, sana'arta daddawa. Ba danginmu ba ce, amma a ɗakinta na yi rabin ƙuruciyata, domin nan ne kaɗai ba hayaniya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk sun rasu suna ƙanana, tana da hakiya a idon hagu, gidanta ne na ƙarshe kafin tsamiyar bakin gari. Tukunyar kalwarta takan kwana a kan wuta, kuma tana da ɗabi'ar yin hira da tukunyar in tana iza itace. Duk wannan na zuba wa Mai Tukunya, har da tafiyarta kasuwar Kurfi da kwando a ka. Abin da na ƙara kawai shi ne kurwar mutane take dafawa a tukunyar. Mai Takobi ya shafa hannunsa ya ce wallahi tsigar jikinsa ta tashi, yau kam Alƙaliya ta yi shari'a.

Daga ranar wasanmu ya koma na Mai Tukunya. Makonni muka yi muna gardama a kanta, wani lokaci ko dayis ba a jefawa. Mai Takobi ya dage cewa duk abin da ke numfashi takobi na kama shi, a bar shi da ita. Ƙawata, wadda ke riƙe da mai magani, ta ce in da sara ake gamawa da mayya to ina amfanin jarumarta, ya je ya sari kabewa. Ustazu kuwa tambayarsa daban ce. Ya ce shin a nono ta sha maitar ko saye ta yi, domin in gado ta yi bai ga yadda za a kama ta da laifin abin da ba ta zaɓa ba, kuma shi maƙerinsa ba zai sa hannu a zalunci ba. Mai Takobi ya ce to Malam, in ta kama kurwarka sai ka yi mata wa'azi daga cikin tukunya. Duk gardamar ni ake juyowa a kalla, ni ce mai yanke hukunci. Nakan koma ɗaki in yi ta tunanin dokokin don kada wata ta ci karo da wata, ina haɗawa da abin da na taso ina ji mata suna faɗa game da mayu. Ko sau ɗaya ban ji na yi wa Iya laifi ba. A ganina aron kamanninta kawai na yi, kuma abin ba zai wuce bangon ajin nan ba.

Da aka yi hutun tsakiyar zango ban je gida ba, na tsaya karatu. Gardama ta koma guruf ɗinmu na waya. Wata rana da hantsi na buɗe na tarar sun cika shi da musu a kan yadda ake ceto wanda Mai Tukunya ta kama, kowa yana kawo dokar da ba a taɓa yankewa ba. Raina ya ɓaci. Na fara rubutu na ga zai yi tsawo, sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗauki saƙon murya. Na yi magana a natse, dalla-dalla, yadda nake yi in ina jan labari. Na faɗi inda gidanta yake, da idonta, da 'ya'yanta da suka mutu, na ce su ta fara ci. Na ce wanda ta kama zazzaɓi ke fara rufe shi, sai sambatu, kuma ba maganin da zai yi masa aiki sai an kawo ta ta tsallaka shi. Ban ce a wasa ba, ban ce a Bayan Kogi ba, ban ambaci dayis ba. Waɗanda nake yi wa magana sun san wasa ne, ban ga dalilin faɗa ba.

Mai Takobi yana Kurfi lokacin. Saƙon ya burge shi, sai ya tura wa ƙannensa da abokansa da yake ba labarin wasanmu, don su ji irin Alƙaliyar da yake faɗa musu. Iyakar abin da ya yi ke nan, kuma ban taɓa riƙe shi da mugun nufi ba. Daga nan saƙon ya yi ta tafiya daga waya zuwa waya, a wurin masu cajin waya, a majalisa, a gidan biki, har ya shiga ƙauyenmu. A can ba wanda ya taɓa jin sunan Mai Tukunya, amma kowa ya san gida na ƙarshe kafin tsamiya, kuma kowa ya san muryata. Abin da mutane suka ce shi ne ɗiyar da ta girma a ɗakin tsohuwar ce da kanta ta tona, ga ta kuma 'yar jami'a, mai hankali, wadda ba a taɓa jin ta da ƙarya ko surutu ba. Shirun da aka san ni da shi ne ya ba maganar ƙarfi.

Ban san komai ba sai da mahaifiyata ta kira ni, an koma karatu da kwana biyu. Ko gaisuwa ba ta bari na gama ba, ta tambaye ni me Iya ta yi min a duniya. Na ce wace Iya, me ya faru. Sai ta kunna min muryata daga wayar ƙanina. Ina tsaye a bakin famfo da bokiti, na ajiye shi na saurara. Ta ba ni labari a hankali. Da farko mata suka daina aiken sayen daddawa. Sai aka hana yara bi ta ƙofar gidan. In Iya ta je rijiya, sai a ja baya a bar mata guga, ba mai ce mata komai. Ita kuwa ba ta da waya, ba ta san dalili ba, har ta shigo gidanmu tana tambaya ko daddawarta ce ta yi ɗaci bana. Ana cikin haka wani yaro a maƙwabta, bai fi shekara huɗu ba, zazzaɓi ya rufe shi har da jijjiga da sambatu. Mahaifinsa yana ci-rani. Kakarsa ta hana a kai shi asibiti, ta ce an riga an faɗa magani ba zai yi aiki ba. Ita da wasu mata suka je gidan Iya da waya a hannu, suka kunna mata, suka ce ta zo ta tsallaka shi.

Duk wanda ya taso a ƙauye ya san me wannan ke nufi. Wadda ta tsallaka mara lafiya ta amsa laifi ke nan a idon jama'a, in ya warke an tabbatar, in ta ƙi kuma ya mutu ita ta kashe shi. Mahaifiyata ta ce Iya ta saurari saƙon har ƙarshe, ta tambaya ko muryar wance ce, aka ce ita ce. Ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi kuka ba. Ta yafa mayafinta, ta bi su, ta cire takalmi a bakin ɗaki, ta tsallaka yaron. Sannan ta juya ta ce wa uwar yaron to an yi, yanzu a nemo mai mashin. Aka kai shi asibiti a Kurfi, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani, aka sa masa ruwa da allurai, ya tashi. A ƙauye kuwa ba wanda ya yi maganar allura. Cewa aka yi ta tsallaka, ta saki kurwarsa.

Washegari na hau mota na tafi gida. Mahaifina bai yi min faɗa ba, ya dai dube ni ya ce shi ya ɗauka tarihi ya tura ni karantawa. Na shiga gidan Iya na same ta tana wanke kalwa. Na durƙusa na yi ta bayani, wasa ne, tebur, dayis, Bayan Kogi, ina ji da kunnena yadda maganar ba ta da kan gado. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in miƙo mata ƙwaryar can, ta tambaye ni ko ana ba mu abinci sosai a makaranta, don ta ga na rame. Na ce ta yafe min. Ta ce ruwan nan ya yi kaɗan, in ƙaro mata daga randa.

Na kira 'yan wasanmu na gaya musu. Ranar Juma'a Mai Takobi ya zo a mashin ɗin yayansa, ya goyo Ustazu, ƙawata kuma ta biyo mota. Mahaifina ya kai mu wurin mai unguwa, liman yana nan da wasu dattawa. Ni da ba na iya magana a gaban aji, ranar na yi ta a gaban dattawan garinmu. Da muka ga ba su gane ba, sai muka shimfiɗa taswirar Bayan Kogi a kan tabarma, muka yi musu wasan kaɗan. Wani tsoho ya ɗauki dayis ya jujjuya shi, ya dubi gemun Ustazu, ya ce yanzu Malam da kai ake wannan, tatsuniya da rana tsaka, iyayenku suna nan suna sayar da gero don ku yi karatu. Mai Takobi, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ranar kansa a ƙasa, ya ce Baba laifin nasa ne, shi ya tura. Liman ya yi magana mai kyau, ya kuma maimaita ta bayan sallah, ya ce zato zunubi ne kuma an zalunci baiwar Allah. Na sake ɗaukar wani saƙon murya na warware komai, muka tura duk inda muka iya.

Saƙo na biyu bai yi tafiyar na farko ba. Maza da yawa sun karɓa, ko sun nuna sun karɓa. Mata kuwa sukan ce to, Allah ya kyauta, amma ai yaron ya tashi. Wasu suka ce an matsa min ne na janye. Kakar yaron ta aiko wa Iya da goro, amma ba ta taka gidan ba. Yau ana gaisawa da ita, ana zama kusa da ita a gidan suna, sai dai cinikin daddawarta a cikin gari bai koma yadda yake ba, yawanci sai ta kai Kurfi, wurin baƙin da ba su san ta ba. Yaran da kan cika tsakar gidanta suna tsince mata kalwa sun ragu sosai. Wasanmu bai mutu ba, amma na ajiye jan labari, ƙawata ta karɓa. Mai Tukunya kuma ba wanda ya sake ambatarta, ba mu kashe ta ba, ba mu yanke hukuncin ko a nono ta sha ba, mun dai bar ta inda take.

Abin da na koya ba wai wasa haramun ba ne ko ƙirƙira laifi ce. Har yanzu ina ganin alheri a zaman da matasa za su yi suna gina labari da harshensu maimakon yawon banza. Kuskurena shi ne na ɗauki mutum mai rai, wadda ba ta da miji ko ɗa da zai tsaya mata, na sa mata rigar da a garinmu ba a ɗaukarta da wasa. Maita a kan teburinmu doka ce da lamba, a ƙauye kuwa abu ne da ke raba tsohuwa da maƙwabtanta, wani wurin ma da ranta. Na yi ta kiyaye kada dokokina su ci karo da juna, ban tsaya na duba da wa za su ci karo a waje ba. Ina roƙon masu irin wannan wasa, da masu rubuta labari a waya, in za ku ƙirƙiri mugu ku ƙirƙire shi gaba ɗaya, kada ku ari idon wani ko gidansa ko mutuwar 'ya'yansa. Kuma duk abin da za ku faɗa cikin waya, ku ɗauka wanda bai san farkon zancen ba ne zai ji shi, domin shi ɗin ne zai ji.

Na fi shekara ina zuwa gida duk hutu, ina zama wurin Iya, ina taya ta aiki. Duk lokacin da na ɗauko zancen yafiya sai ta aike ni wani abu. A hutun da ya wuce muna zaune da rana muna mulmula daddawa muna jerawa a tabarma, sai na sauya tambaya. Na ce Iya, kin san ba ki yi komai ba, kin kuma san abin da za a ce in kin tsallaka, me ya sa kika bi su. Na ɗauka yau ma randa za a tura ni. Sai ta goge hannunta a zane ta ce, “Ɗiyar nan, da na shiga ɗakin na ga idon yaron ya kafe. Na san matan can ba za su bari a ɗauke shi ba sai na tsallaka, in na tsaya rantse-rantse kuma rana za ta faɗi muna nan. Sai na duba, ni sunana na daɗe ina amfani da shi, saura kaɗan in ajiye. Shi kuwa ko allo ba a yanka masa ba.”